Yadda Ake Gane Shirwa, Shaho da Ungulu Tun Suna Sama

Tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe yawanci daga nesa ake hango su, kuma idan hasken rana ya dalle maka ido duk baƙaƙe za ka gan su. Don haka bar batun launi tukuna, siffa za ka fara dubawa.

Da farko ka fita da hantsi. Idan ƙasa ta ɗau zafi, iska mai ɗumi kan taso ta ɗaga manyan tsuntsaye su yi ta shawagi. Nemi wuri kusa da mahauta, ko juji, ko inda ake ƙona daji, ka ba rana baya.

Sai ka dubi wutsiya, don ita ta fi tona asiri. Idan ƙarshenta ya ɗan rabu biyu, tsuntsun yana murɗa ta dama da hagu, to shirwa ce, mai fauce 'yan tsaki a tsakar gida. Wadda muka fi gani bakinta rawaya ne. Idan kuwa wutsiyar guntuwa ce ƙwarai har jajayen ƙafafu sun zarce ta, tsuntsun yana rangaji ba ya yawan kaɗa fiffike, gaggafa ce. Ita sai a daji irin na Yankari.

Daga nan ka koma kan fiffike. Na shaho siriri ne mai tsini, tashinsa da sauri, yakan naɗe jiki ya sulmiyo kan tattabara. Na ungulu faffaɗa ne, gashin ƙarshensa a buɗe kamar yatsun hannu.

In sun sauka aiki ya yi sauƙi. Ungulu fuskarta ba gashi, fatar ja-ja ce, takan ƙara ja idan ana rububin nama, bakinta siriri. Hankaka farin ƙirjinsa ya ishe ka shaida. Babba da jaka kuwa ga dogayen ƙafafu, ga ƙaton baki, ga jaka tana reto a wuya.

Abin takaici, ungulun da a da ke cika kasuwannin Kano da Sakkwato yanzu sai an tona. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin masu gab da ƙarewa, saboda guba da masu farautarta don haɗa magani. Idan ka dace da ganinta, rubuta wurin, da ranar, da adadinsu. In sheƙa ka tarar a kan bishiya, kada ka matsa kusa, don ƙwai ɗaya tak take yi.