Kafin ka sayi soson situdiyo, gwada bargo

Mai ɗaukar murya a ɗaki, riƙe kuɗinka tukuna, kada ka yi saurin sayen soson nan da ake mannawa a bango don rage amsa-kuwwa.

Leƙa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi ka samo barguna biyu masu kauri. Rataya ɗaya a bayanka, ɗaya a gefe, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango. Ƙasa kuma shimfiɗa darduma.

Siminti da tayil ne ke dawo da murya cikin makirfo, ta fito kamar daga rijiya. Bargo yana shanye ta. Yi tafi kafin ka rataya da bayan ka rataya, za ka ji bambanci.

Manna kiret ɗin ƙwai a bango kuwa wahalar banza ce, ba shi da kauri.

Amma fa bargo ba ya tare ƙarar janareton maƙwabci, wannan sai dare ya tsala. Kuma a zafin Afrilu na Bauchi, da fanka a kashe, za ka sha gumi.