Yadda ake auna sauƙin mai karayar idon sawu daga bakinsa shi kansa

Abin da nake yawan gani wajen sabbin ma'aikatan asibiti shi ne su ɗaga hoton ƙashi, su ga karaya ta haɗe ƙarfe na zaune daram, shikenan sai su rubuta ya warke, alhali bawan Allah ko matakala baya iya hawa sai ya dafa bango. In karayar mummuna ce, irin wadda ta farfasa ƙasan ƙashin ƙwauri har cikin gaɓa, hoto ba zai gaya maka zafin da ke hana shi barci ba. Shi za ka tambaya.

Da farko zaɓi takardar tambayoyi guda ɗaya ka tsaya a kanta. Ni dai OMAS nake cewa a ɗauka, Olerud da Molander ne suka fito da ita a Suwidin a 1984 musamman don karayar idon sawu, tambaya 9 ce kacal, maki 0 zuwa 100, ciwo kaɗai ya kwashe 25, sauran na kan kumburi, sandarewar gaɓa, hawa matakala, gudu, tsalle, tsuguno, sanda ko bandeji da komawa aiki. Ka haɗa mata EQ-5D, wata gajerar takardar tambayoyi ce kan lafiyar jiki baki ɗaya. MOXFQ ma, wata takardar tambayoyi kan ƙafa da idon sawu, tana da kyau amma sai ka nemi lasisi. Makin AOFAS kuwa, na ƙungiyar likitocin ƙashin ƙafa da idon sawu ta Amurka, ka rabu da shi, akwai awon likita a ciki, kuma ƙungiyar da kanta ta ce a daina dogaro da shi tun 2011.

To ga inda ake ɓata aikin. Kada wanda ya yi tiyatar ya riƙe biro yana tambaya, wallahi kada. Majinyaci na jin nauyin wanda ya gyara masa ƙafa, ko yana cije baki zai ce da sauƙi. A ba shi takardar ya cika shi kaɗai kafin ya shiga wajen likita. In baya karatu wani daban ya karanta masa tambayar yadda take a rubuce, ba ƙari ba ragi, banda irin su “ai yanzu kana taka ta ko?” don ka riga ka saka masa amsa a baki. Ɗan uwan da ya rako shi ma ya yi shiru. Kuma tun zuwan farko ka tambayi yadda ƙafar take kafin haɗarin, don tsohon da dama can baya gudu ba zai taɓa cin 100 ba.

Sai maimaitawa, wata 3, wata 6, shekara 1, in da hali har shekara 2 saboda lalacewar gaɓa tana bayyana a makare. Ka lura a OMAS maki mai yawa sauƙi ne, a MOXFQ akasin haka ne. Waɗanda basu dawo ba kuma a kira su a waya, kada a ɗauka warkewa suka yi.