Kafin ka zuba kankaren shago: yadda ake awo da lissafin kuɗi

Duk wanda ya zo mini da maganar daɓen kankare na shago ko rumfar aiki, tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, nawa zai ci?" Ni kuma ba na yanke kuɗi sai mun tsaya a kan filin da tef a hannu. Farashin siminti na yau ba shi ne na jibi ba, amma yawan buhunan da wurinka zai sha ba ya canjawa. In ka riƙe wannan adadin, kowane magini ka kira, kowace kasuwa ka shiga, ba mai yi maka rufa-ido.

Fara da abin da za a ɗora a kai. Wurin ajiye buhunan hatsi, teburin tela ko bencin kafinta, kaurin santimita 10 ya ishe shi, wato inci 4. In mota za ta hau, kamar garejin bakanike, ko mai walda ne da zai riƙa jefar da ƙarfe a ƙasa, a kai shi santimita 15. Injin niƙa kuwa nasa daban ne: a haƙa masa gurbinsa mai zurfi, a zuba shi shi kaɗai da kusoshin ɗaure shi a ciki, a bar 'yar tazara tsakaninsa da sauran daɓen, in ba haka ba girgizarsa za ta tsaga maka ko'ina. Sannan in bangon bulo za ka tayar, kada ka ɗora shi a bakin daɓe mai inci 4. Bango fandishonsa yake so.

Mu ɗauki shago mai faɗin mita 4 da tsawon mita 6. Kafa turaku huɗu, ka ja igiya, sai ka auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta ta gicciye. Gicciyen biyu dole su zo daidai da juna, a nan mita 7 da santimita 21. In ɗaya ya fi ɗaya, wurin ya karkace, kuma ranar da kafinta ya zo ɗora kwano za ka ji a aljihunka. Kafin duk wannan ka tabbatar da iyakarka da maƙwabta da ta hanya. A Kano, gini mai ɗorewa a bakin titi yana buƙatar izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kuma gara ka nema tun ba ka sayi buhu ko ɗaya ba.

Yanzu ƙasa, inda mutane suka fi yin ha'inci domin ba a ganin ta bayan an rufe. A kankare ƙasar sama gaba ɗaya, mai ciyawa da saiwa da toka da leda, har sai an tarar da mai tauri. Filin da aka cike da shara, irin tsofaffin kududdufan da aka mayar filaye a cikin gari, sai an yi haƙa sosai. Haka baƙar laka ta wajen Numan da Dikwa da Ngala, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani: a kwashe ta da zurfi, a maye gurbinta, kuma a sa rodi ko da shagon ƙarami ne. In akwai alamar gara, a yi feshi tun a nan.

Sai ciko da jar ƙasa ko marmara. Ba a juye tifa a baje a ce an gama. A zuba kamar santimita 10, a yayyafa ruwa, a daddaka da madaɓi ko a yi hayar injin daɓe, sannan a ƙara wani. In ka taka da dunduniya ta bar gurbi, da saura. Ciko mai kaurin santimita 15 a wurinmu kubik mita 3.6 ne (faɗi sau tsawo sau kauri), amma ƙasa tana zama in an daka ta, don haka sayi kusan 5. Saman daɓenka ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15, ni na fi son ya fi haka a unguwannin da kowa ke cike ƙofar gidansa duk shekara, domin layi tashi yake yi, shagonka kuma yana nan inda yake, wata rana ruwan Agusta ya shigo maka. Idan rumfa ce marar bango, a karkatar da daɓen kaɗan zuwa waje, santimita 1 a kowace mita.

Ga lissafin kankaren kansa. Faɗi sau tsawo sau kauri: 4 sau 6 sau 0.1, ya ba da kubik mita 2.4. Ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda zubewa da ramukan da ciko bai daidaita ba, ya zama 2.6 da 'yan kai. Kwaɓin da nake yi wa irin wannan aiki shi ne 1:2:4, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A wannan kwaɓi kubik mita ɗaya yana cin buhu 6 da ɗan ɗori na siminti mai kilo 50, don haka buhu 17 za ka saya. Buhu ɗaya kwanon gini biyu ne, ke nan kowane buhu yana tafiya da kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa, ko baro ɗaya da baro biyu in baron mai cin kwano huɗu ne. Jimilla kwano 68 na yashi, 136 na tsakuwa, wato wajen tan 2 na yashi da tan 3 da rabi na tsakuwa. In ka koma kaurin santimita 15, ƙara rabin kowane adadi a kai: siminti ya zama buhu 25 zuwa 26.

Za ka sami maginin da zai ce maka buhu 10 ya isa. Zai isa, domin zai ƙara yashi ne, bayan wata shida ka fara share gari daga daɓenka kullum da safe. In kuɗi sun gaza, rage girman shagon ko ka jinkirta rufi, kada ka taɓa siminti.

Dangote, BUA ko Ashaka, ba na faɗa a kan suna. Abin da nake dubawa lambar da ke jikin buhu, 32.5 ko 42.5, na biyun ya fi ƙarfi, da kuma ko buhun ya kwana a danshi. Wanda ka matsa ka ji dunƙule mai tauri a ciki, mayar. Yashi ya zama mai kaifi na rafi. Damƙi jiƙaƙƙe ka buɗe hannu, in ya bar maka laka a tafi, bai yi ba. Mai tifa kuma kada ku rabu a kan "tifa ɗaya", domin tifa girma-girma ce. Ya faɗi tan nawa, kuma kuɗin da ya faɗa har da kawowa ko a'a. Sau da yawa a ƙaramin aiki kuɗin dako ya kan kusa kamo na kayan.

Rodi, in za a sa: mai milimita 10, tazarar santimita 30 ta kowane ɓangare. Tsawon sanda mita 12 ne, tana ba da biyu na mita 6 ko uku na mita 4, don haka sanda 14 ta rufe shagonmu. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko duk inda za ka saya, sa a auna a gabanka, ba kowace sanda ce ke cika tsawonta ba. A ɗaure da waya, a ɗage shi a kan guntayen kankare ya zauna a tsakiyar kauri. Rodin da ya kwanta a ƙasa kuɗi ne aka binne. A ƙarƙashinsa a shimfiɗa leda mai kauri, bakin kowace ya hau kan 'yar'uwarta, don danshi kada ya taso ya lalata maka kaya. Gefen da zai tare kankaren kuma ko katako, kewayen mita 20 zai ci guda 6 masu ƙafa 12, ko a jera bulo layi ɗaya, kusan guda 45, wanda shi na fi so domin yana nan har abada. Bututun wayar lantarki da ƙafafun turakun ƙarfe a kafa su kafin zubi.

Ruwa ma kuɗi ne, kuma kusan kowa yana mantawa da shi a lissafi. Kwaɓi kaɗai jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane buhu, ƙasa da haka in yashin jiƙaƙƙe ne. Leburori suna son ƙara ruwa don shebur ya yi musu sauƙi. Tsaya a kansu. Kwaɓin ya tsaya kamar tuwo mai laushi, kada ya koma kunu. A fara da sassafe, a gama a rana ɗaya, a caccaka da sanda ko foka, wato injin girgiza kankare, iska ta fita, a ja katako a daidaita. Kafin ya daskare a tsaga layi a tsakiyar tsawon da tsakiyar faɗin, zurfin kwatan kauri, domin kankare sai ya tsage, gara ya tsage inda ka zaɓa masa.

Washegari a fara ban ruwa, safe da yamma, kwana 7 ba fashi. Da bazara ko hunturu a rufe da buhunan algarara ko yashi mai laima, iska tana busar da shi kafin ya yi ƙarfi. Ka yi ciniki da mai garuwa na sati guda tun farko. Bayan kwana 7 za a iya tayar da rumfa a kai, amma mota ko inji mai nauyi su jira kwana 28.

In ka rubuta waɗannan adadi a takarda, sai ka zaga wuri biyu ko uku ka sa farashin ranar a gaban kowanne, ka ƙara kashi 10 na ko-ta-kwana. Kuɗin aiki ka yi shi jinga, kada ka yi na yini, kuma a fayyace a gaban shaida: haƙa, ciko, ɗaurin rodi, zubi da ban ruwa duk suna ciki, da wanda zai ciyar da leburori. Kayan ka saya da kanka, ka ƙirga buhunan da aka farke da yamma. Biya kashi uku: ɗaya ranar haƙa, ɗaya ranar zubi, na ƙarshe ka riƙe sai an cika kwana 7 ana ban ruwa.