Babi na 6: Tambayar Haraji a Markus 12:13-17

Darasi na farko

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki wajen Sabon Alkawari, ku wuce Matiyu. Littafin da ke biye da shi shi ne Markus. In kun ga Luka kun zarce, sai ku dawo baya. Sunan littafin yana rubuce a saman shafi.

Yanzu ku dubi 12:13-17 da kyau. Akwai ɗigo biyu, ɗaya bisa ɗaya, tsakanin 12 da 13. Lambar da ke hagu da ɗigon ita ce sura, wadda ke dama kuwa ita ce aya. A cikin littafin lambar sura babba ce, tana farkon sura, ta aya kuwa ƙarama ce, a maƙale tsakanin kalmomi, sai an ƙura ido ake ganinta. Ku fara neman babban 12, ku ɗora yatsa a kansa, sannan ku gangara a hankali har ku iske ƙaramin 13. Ɗan layin da ke tsakanin 13 da 17 yana nufin "zuwa". Wanda ya rikice kada ya ji kunya, domin kusan kowa a nan yake tuntuɓe. Ya rufe littafin, ya sake farawa: hagu sura, dama aya. Na sha ganin dattijo yana ta juya shafi yana neman sura 17, alhali surorin Markus 16 ne kacal. Ku sake faɗa da baki: hagu sura, dama aya.

Darasi na biyu

Aya 13 ta ce an aiko wa Yesu waɗansu Farisiyawa, wato ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin dokokin addini, da mutanen sarki Hirudus don su kama shi ta wurin maganarsa. A aya 14 sun fara da daɗin baki, suka kira shi Malam, suka ce shi mai gaskiya ne, ba ya nuna bambanci, sai daga baya suka tambaya ko ya halatta a biya Kaisar, babban sarkin Romawa, haraji. Kada ku tsaya a yabon, ku karanta ayar har ƙarshenta, don a can tarkon yake. In ya ce a biya, jama'ar da ke ƙin mulkin Romawa za su juya masa baya, in kuwa ya ce kada a biya, za a kai ƙararsa wurin gwamna. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

A aya 15 Yesu ya gane munafuncinsu. Ku rarraba kalmar: mu-na-fun-ci. Bai rama daɗin baki ba, bai kuma yi kamar bai gane ba. Ya tambaye su a fili dalilin da ya sa suke gwada shi, ya ce a kawo masa dinari, wato kuɗin azurfa wanda Matiyu 20:2 ya nuna ladan aikin yini ɗaya ne. Da ya tambayi hoto da sunan da ke jikinsa, su da bakinsu suka ce na Kaisar ne.

In har yanzu wani yana sura 13 yana mamakin rashin ganin dinari, to, bai yi aikin darasi na farko ba, kuma ba zan iya juya wa kowa shafi ba. Hagu sura, dama aya.

Darasi na uku

Ku kwafe amsar Yesu da ke aya 17 sau uku a littafin rubutunku, ku ja layi ƙarƙashin Kaisar da Allah. Daga nan ku nemo Matiyu 22:15-22 da kanku, ku karanta.