Yadda za ka bi tarihin tseren Daytona 500 daga Maraɗi

Yaran garejina sukan tambaye ni ta ina za su fara. Nakan ce su fara da 1959, shekarar da aka soma wannan tseren motoci a jihar Fulorida ta Amurka. Buɗe YouTube a wayarka, ka nemi ƙarshen tseren farko: Lee Petty da Johnny Beauchamp sun iso layi kafaɗa da kafaɗa, sai da aka kwana uku ana duba hotuna kafin a ba Petty nasara.

Daga nan ka riƙe lissafin. Zagaye 200 ne, kusan kilomita 805, ya fi nisan Maraɗi zuwa Yamai. Ɗan Petty, Richard, ya ci sau 7.

Sannan ka zauna da labarin direba Dale Earnhardt, kar ka yi gaggawa. Sai a gwaji na 20 ya ci, a 1998. A 2001 ya rasu a zagayen ƙarshe na wannan tseren. Ranar da na kalli faifan, ajiye sufana na yi, na kasa ƙarasa aikin motar da ke gabana.

A watan Fabrairu ake yin tseren, galibi bayan Isha'i agogonmu. Ka cika caji da data tun la'asar.