Yadda ake kula da na'urar zuƙar ruwan miki a gida

Akwai miki da ke ƙin warkewa duk da wanki da ɗauri na makonni, irin gyambon ƙafar mai ciwon suga, ko mikin da kwanciya ke haifarwa a bayan tsoho, ko wurin tiyata da ɗinkinsa ya buɗe. Irin wannan miki ne likita kan ɗora wa ƙaramar na'urar da ke zuƙar ruwansa dare da rana, wadda majinyaci zai iya rataye ta a kafaɗa ya koma gida da ita. Wasu masu bincike biyu na jami'ar Wake Forest da ke Amurka, Louis Argenta da Michael Morykwas, su ne suka wallafa binciken da ya yaɗa wannan hanya a shekarar 1997, kuma daga baya aka rage girman na'urorin har wasu suka koma kamar wayar hannu. Wannan bayani na mai jinya ne a nan Damagaram, wato ɗa ko ƴa ko mata ko ƙane da nauyin kulawa ya faɗo a kansa bayan an sallamo mara lafiya, domin aikin da ake yi a gida shi ne ke sa na'urar ta yi amfani ko ta zama haɗari.

Wanda ya taɓa ganin wanzami yana yin ƙaho zai fahimci tushen abin, sai dai zuƙar na'urar tana da sauƙi, tana da ma'auni, kuma ba jini ake nema da ita ba. Ma'aikacin jinya yana yanka soso na musamman daidai girman mikin ya cika ramin da shi, ya rufe da leda mai manne wadda ta zarce bakin mikin da santimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe, sannan ya huda ledar ya haɗa tiyo zuwa na'urar. Da zarar an kunna, soson zai lotse ya yi tauri, alamar cewa iska ba ta shiga. Zuƙar tana janye ruwan da ke taruwa, tana rage kumburi, tana jawo bakin mikin su matso kusa, kuma tana taimaka wa sabon jan nama ya tsiro daga ƙasa. Yawancin na'urori masu robar tara ruwa ana saita su a 125, da irin ma'aunin da ake auna hawan jini, amma likita ne kaɗai ke da ikon ƙarawa ko ragewa, kuma bai kamata wani a gida ya taɓa wannan lamba ba ko da majinyaci ya yi ƙorafin cewa yana jin ja.

Kafin a bar asibiti, ya wajaba mai jinya ya san irin na'urar da aka ba shi, saboda kulawarsu ta bambanta. Akwai mai batir da ake caji, wadda ke da robar tara ruwa da ake canzawa idan ta cika. Akwai irin PICO, wadda ba ta da roba ko kaɗan, tana aiki da ƙananan batura a ƙarfin 80, bandejinta ne ke shanye ruwan, kuma ana jefar da ita bayan kwana 7 ko 14 gwargwadon samfurinta. Akwai kuma SNAP, wadda ba ta buƙatar wuta sam, domin ƙarfen da ke cikinta mai miƙewa ne ke yin zuƙar. A ganina, ga wanda zai koma ƙauye a wajen Mirya ko Magarya ko Tanut, tambayar ko akwai irin waɗannan biyun na ƙarshe ta cancanci a yi wa likita ita tun farko, ko da yake sun fi dacewa da ƙananan raunuka marasa zubar ruwa da yawa.

Dokar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta awa biyu. Ana so na'urar ta yi aiki aƙalla awa 22 a cikin 24, kuma idan ta tsaya fiye da awa 2, ko saboda batir ya mutu ko saboda ledar ta ɓalle, ba a barin soson a cikin mikin. Dalili shi ne soson da babu zuƙa a kansa yana riƙe ruwa a rufe cikin ɗumin jiki, kuma ƙwayoyin cuta ba su da wurin hayayyafa da ya fi wannan. Abin da ake yi shi ne a wanke hannu da sabulu, a sa safar hannu, a ɗaga ledar a hankali, a cire soson gaba ɗaya, a rufe mikin da bandeji mai tsabta da aka jiƙa da ruwan gishirin asibiti, sannan a kira ma'aikacin jinya. Saboda haka tun ranar sallama a nemi a nuna wa mai jinya yadda ake wannan da hannunsa, kuma a ajiye bandeji da ruwan gishirin da safar hannu a cikin roba mai murfi a ɗakin majinyaci. Tun da ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne a garinmu, musamman a watannin bazara, a riƙa jona na'urar duk lokacin da aka kawo wuta ko da batirin bai yi ƙasa ba, kuma a san tun da wuri gidan maƙwabci mai sola ko janareto da za a iya zuwa cikin dare.

Zafi shi ne matsala ta biyu. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, gumi yana sassauta mannen ledar, musamman a cinya da duwawu da tsakanin yatsun ƙafa. Idan iska ta fara shiga, na'urar za ta yi ƙara, ko a ji motarta tana aiki ba hutu, ko a ga soson ya kumbura ya yi laushi. A bi gefen ledar da yatsa ana dannawa a hankali har a gano wurin, a goge fatar ta bushe, a liƙa wani yankin leda a kai, domin sau da yawa wannan kaɗai ya isa. A roƙi a ba da ragowar ledar daga asibiti saboda haka, kada a yi amfani da salatif ɗin kanti ko ledar kasuwa. Majinyaci ya zauna a inuwa mai iska, kada a shafa masa mai ko man kaɗanya kusa da ledar, kuma a lokacin hunturu a riƙa ajiye na'urar a cikin jakarta saboda ƙura. A duba tiyon sau da yawa a yini don kada ya lanƙwashe ko majinyaci ya kwanta a kansa, tun da kwanciya a kan tiyo tana iya buɗe sabon miki a fata.

Sauya soson aikin ma'aikacin jinya ne, kuma ana yin sa duk bayan awa 48 zuwa 72, ko kafin lokacin ya kai haka idan mikin yana da cuta. Mai jinya yana da aiki ɗaya a wannan lokaci wanda nake roƙon kada a raina shi: ya ƙirga yankunan soso nawa aka sa, ya rubuta adadin da ranar a kan ledar ko a littafi, domin a tabbatar adadin da aka sa shi ne aka cire. Guntun soso da aka manta a cikin rami mai zurfi yana iya ruɓar da mikin. Idan sauyin yana yi wa majinyaci zafi, a gaya wa likita ya rubuta maganin da za a sha kafin lokacin, kuma jiƙa soson da ruwan gishiri kafin a cire yana rage manne wa nama.

Kullum safe da yamma a dubi abin da ke cikin robar. Ruwa mai launin rawaya ko ja-ja mara kauri abu ne da aka saba gani. Amma idan aka ga jan jini sabo yana gudana a tiyo, ko robar ta cika da jini cikin ɗan lokaci, a kashe na'urar nan take, a bar soson a inda yake, a danne wurin da hannu da ƙarfi, a nufi asibiti mafi kusa ko babban asibitin Zinder ba tare da jiran gari ya waye ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2009 bayan rahotannin mace-mace da zubar jini ya haddasa wa masu amfani da irin waɗannan na'urori, kuma haɗarin ya fi yawa ga masu shan maganin tsinka jini kamar warfarin ko asfirin, don haka a faɗa wa likita duk maganin da majinyaci ke sha. Zazzaɓi, da mugunya mai kauri, da wari mai ƙaruwa, da ja ko kumburi da ke yaɗuwa a fatar gefe, da ruɗewar hankali, dukkansu dalilai ne na komawa asibiti a ranar.

Ba kowane miki ake ɗora wa wannan na'ura ba. Ba a sa ta a kan mataccen nama da ya yi baƙi sai an kankare shi, ba a sa ta a mikin da ke da ciwon daji, ko inda cuta ta shiga ƙashi ba a yi maganinta ba, ko kai tsaye a kan jijiyar jini da ke buɗe. Wannan ne ya sa ba daidai ba ne a ara wa dangi na'urar da wani ya gama amfani da ita don ganin mikinsu ya yi kama. Haka nan ba a zuba garin magani ko toka ko zuma a ƙarƙashin ledar, ko da mai ba da shawarar babba ne a gida kuma da kyakkyawar niyya ya zo. A gaya masa cikin ladabi cewa likita ya hana.

Game da wanka, ba a jiƙa na'urar, kuma ya fi sauƙi a goge jiki da tsumma a kauce wa ledar. Idan mikin yana gaɓar alwala, a tambayi malami hukuncin shafa a kan ɗauri ko taimama, kada a ɓalle ledar saboda alwala. In za a hau kabu-kabu zuwa wurin sauyi, a cusa tiyon cikin riga don kada ya maƙale. Jiki kuma yana buƙatar abin gina sabon nama, saboda haka a ƙara wake da ƙwai da nono da gyaɗa da nama gwargwadon hali, a daina taba, mai ciwon suga kuma ya ci gaba da shan maganinsa da gwajin jininsa, sannan ya guji taka ƙafar da ke da gyambon. Idan an yi mako biyu ana amfani da na'urar ba a ga mikin ya ragu ko jan nama ya fito ba, a nemi likita ya sake duba shi ya yanke ko a ci gaba ko a sauya hanya.