Yadda Za Ka Zaɓi Monitar Kwamfuta Domin Aiki da Wasan Gem a Kano

Mafi yawan masu sayen kwamfutar tebur a Kano sukan ƙarar da kuɗinsu a kan injin kwamfutar, sai abin da ya rage a aljihu su ce wa mai shago ya haɗa musu da kowace monita da ke kusa. Wannan kuskure ne da mutum yakan daɗe yana biyan kuɗinsa da idonsa da wuyansa, domin monita ita ce abin da za ka zura wa ido na tsawon awa shida ko takwas a kullum, kuma mai kyau takan ga bayan kwamfuta biyu tana nan tana aiki. Shawarata ita ce ka zaɓi monita gwargwadon ƙarfin kwamfutarka da faɗin teburinka da irin wutar da kake samu a unguwarku, kada manyan lambobin da aka rubuta a jikin kwali su ɗauke maka hankali.

Kafin ka fita daga gida, ka juya injin kwamfutarka ka dubi ramukan da ke bayansa, ka ɗauki hotonsu a wayarka. Tsofaffin kwamfutocin ofis na HP da Dell da suka cika kasuwarmu galibi suna zuwa da ramin VGA mai launin shuɗi da kuma DisplayPort, kuma da yawansu ba su da HDMI ko ɗaya. Idan kuma an saka wa kwamfutar katin hoto na daban, wato na'urar da take sarrafa hoton da ake tura wa monita, na Nvidia ko na AMD, to ramukan katin ne za ka duba, waɗanda suke can ƙasa, domin a nan ne ya kamata wayar monita ta shiga. Ka rubuta sunan katin a takarda, saboda shi ne zai gaya maka iyakar abin da ya dace ka saya.

Girman monita da yawan ɗigogin da ke cikinta abubuwa ne biyu da ba a raba su. Hoton da kake gani a allo ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksel, kuma monitar da aka rubuta mata 1920 x 1080 tana da ɗigo miliyan biyu da ɗoriya. Idan aka shimfiɗa waɗannan ɗigogi a kan inci 24, kowane inci zai sami kimanin 92, rubutu ya fito tsaf. Idan aka shimfiɗa su a kan inci 27 sai su koma kimanin 82, a kan inci 32 kuwa ba su kai 70 ba, kuma a nan ne za ka ga gefen haruffa ya yi kaushi kamar haƙoran zarto. Saboda haka babbar monita mai ƙarancin ɗigo ba ta ƙara maka filin aiki da komai, kumbura abin da ke kan allon kawai take yi. Wanda yake son inci 27, abin da ya dace da shi 2560 x 1440 ne, inda kowane inci yake samun kimanin ɗigo 109, kuma yana iya buɗe Excel a gefe ɗaya da Word a ɗaya gefen ba tare da matsi ba. Mai lissafin kaya a Kantin Kwari ko ɗalibin Jami'ar Bayero da ke haɗa kundin bincike zai ji daɗin wannan fili ƙwarai.

Sai dai kowane ƙarin ɗigo ƙarin nauyi ne a kan katin hoto idan aka zo wasa. Monita mai 2560 x 1440 tana da ɗigo kusan miliyan 3.7, mai 3840 x 2160 da ake kira 4K kuwa tana da kusan miliyan 8.3, wato ninki huɗu na 1080. Katin da yake tafiyar da wasa sumul a 1080 yana iya fara tangal-tangal a 1440, a 4K kuma ya durƙushe gaba ɗaya. A ganina, ga mai matsakaiciyar kwamfuta inci 24 mai 1080 ya wadatar, kuma kuɗin da za a kashe a kan 4K gara a ƙara shi a kan kati ko a kan batiri.

Daga nan sai nau'in gilashin allon, wanda iri uku ne ake yawan samu. Akwai TN, wanda shi ne mafi araha kuma mafi tsufa, alamarsa ita ce da ka ɗan sunkuya ko ka kalle shi ta gefe sai launi ya dusashe ko ya yi duhu. Akwai VA, wanda baƙinsa yake fita wuluk, ya dace da kallon fim a ɗaki mai duhu, amma wasu daga cikinsu sukan bar inuwa a bayan abu mai gudu idan wurin da ake wasan yana da duhu. Sai IPS, wanda launinsa ba ya sauyawa ko ta wane gefe ka kalla, illarsa kawai ita ce baƙinsa yana ɗan yin toka-toka idan an kashe fitilar ɗaki. Ga wanda zai yi aiki da rana ya yi wasa da dare a kan monita ɗaya, IPS nake ba shi shawara, musamman idan yana zanen katin biki ko fasta ko gyaran hoto, inda jan da ya gani a allo ya kamata ya yi kusa da jan da zai fito a takarda. Akwai kuma OLED, wadda hotonta ya fi duka kyau, amma tsadarta ta yi yawa, kuma abin da ya daɗe a wuri ɗaya a kan allo yana iya barin tabo a jikinta, don haka ba ita ce ta mai aikin ofis ba.

Abin da masu wasa suka fi tambaya shi ne lambar da ake rubutawa da Hz, wato sau nawa monita take sabunta hoto a cikin daƙiƙa ɗaya. Ta ofis takan yi sau 60, wasu 75 ko 100, ta wasa kuwa 144 ko 165 ko fiye. Bambancin 60 da 144 abu ne da ido yake gani nan take, ko da kibiyar linzamin kwamfuta kawai ka ja daga wannan gefe zuwa wancan, kuma a wasannin harbi irin su Call of Duty ko Counter-Strike yana taimakawa wajen saita abokin gaba. Amma monita ba ta ƙirƙirar hoto, abin da kati ya aiko mata shi take nunawa, saboda haka idan katinka hoto 50 yake iya fitarwa a daƙiƙa, monitar 165 ba za ta mai da shi 165 ba. Haka nan mai PS4 bai da buƙatar abin da ya wuce 60, domin na'urar ba ta wuce nan, PS5 ce take kaiwa 120 a wasu wasannin. Wanda wasansa bai wuce ƙwallon ƙafa irin EA Sports FC ko eFootball ba, monita mai 75 ko 100 ta ishe shi. Idan ka ga an rubuta FreeSync ko G-Sync, to abu ne mai amfani, domin yana sa monita ta riƙa tafiya daidai da saurin kati, sai a daina ganin hoto yana tsagewa gida biyu. Amma lambar nan ta 1ms, wato lokacin da ɗigo yake ɗauka kafin ya sauya launi, da ake bugawa da manyan haruffa, kada ka dogara da ita, kusan kowane kamfani yana rubuta ta, kuma yanayin da ake auna ta ba shi ne yanayin da za ka yi amfani da monitar ba. Haka ma alamar HDR, mai nufin ƙarin haske da zurfin launi, a kan monita mai araha, ba ta cancanci ka ƙara ko sisi a kanta ba.

Wayar da za ta haɗa su ma tana da nata hukuncin. VGA tsohuwar hanya ce, hotonta yakan ɗan yi hazo, kuma ba za ta ba ka saurin monitar wasa ba, don haka a bar ta sai in babu yadda za a yi. HDMI 2.0 tana ɗaukar hoton 2560 x 1440 a saurin 144 Hz, DisplayPort 1.2 ma haka, kuma a kan kwamfutar tebur DisplayPort ce ta fi tabbas. Ka tabbatar an saka maka wayar a cikin kaya kafin ka bar shagon.

Batun wuta kuwa, mutumin Kano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Monita mai inci 24 galibi tana cin wat 20 zuwa 30, wato idan ta yi awa takwas a kunne ta ci kimanin wat-awa 200, alhali manyan monitocin wasa masu inci 32 suna iya ninka haka. Ga wanda yake kan sola da batiri, wannan bambanci shi ne tsakanin kammala aiki da mutuwar inbata da tsakar dare, saboda haka ka karanta takardar da ke manne a bayan monitar. Ka lura kuma ko wayar wuta kai tsaye take shiga ko ta hanyar adafta. Mai adafta tana da wata fa'ida a wurinmu, domin idan wuta ta zo da ƙarfi sau da yawa adaftar ce take ƙonewa, a sauya ta da kuɗi kaɗan, amma sai ka tabbatar ta asali aka ba ka, mai bolt ɗin da ya yi daidai da abin da aka rubuta. Ko wace iri ka saya, kada ka jona ta kai tsaye a bango. Ka sa mata UPS ko aƙalla soket mai kare kaya daga tashin wuta, kuma ka riƙa kashe ta kafin a sauya daga wutar NEPA zuwa janareta.

Idan ka shiga Titin Beirut ko Farm Centre ko Sabon Gari, za ka tarar da sababbi a kwali da kuma na hannu da aka shigo da su daga ofisoshin ƙasashen waje. Ban raina na hannu ba ko kaɗan, domin monitocin ofis na Dell da HP da Lenovo masu gilashin IPS suna da ƙarko, kuma ƙafarsu tana hawa da sauka tana juyawa, abin da sababbi masu araha ba su da shi. Sharaɗin kawai shi ne gwaji. Na taɓa sayen wata mai inci 24 a wani shago da yamma, mai shagon ya kunna mini ita da hoton furanni masu launi iri-iri, na ga ta yi kyau na biya. Da na isa gida na buɗe farin shafi domin rubutu, sai ga kusurwar hagu ta ƙasa ta yi rawaya kamar tsohuwar takarda, ga kuma wani siririn tabo a tsakiya inda wani abu ya taɓa danne gilashin. Ba ni da rasit, ba mu kuma yi maganar mayarwa ba, haka na yi shekara biyu ina kallon tabon nan a kullum.

Tun daga ranar nake zuwa da filasha mai hotuna biyar, kowanne launi ɗaya ne zalla: fari, baƙi, ja, kore da shuɗi. Ka ce wa mai shagon, “Alhaji, don Allah a jona mini ita in gwada,” mai kaya na gari ba zai ƙi ba. A kan fari za ka ga rawaya da tabo da matattun ɗigogi, waɗanda suke fitowa kamar ƙwayar barkono baƙa. A kan baƙi za ka ga ɗigon da ya maƙale yana haske, da hasken da yake tsiyaya ta gefuna, sai ka kare allon da hannu ko da hula domin hasken shago kada ya ɓoye maka. Ka gwada kowane rami da kowane maɓalli, ka ƙure haskenta ka rage shi ka ga ko tana ƙyaftawa, sannan ka bar ta a kunne kamar minti goma sha biyar, domin wata matsalar sai ta ɗauki zafi take bayyana. Wasu monitocin suna nuna adadin awannin da suka yi suna aiki a cikin jerin saitinsu, ka duba idan akwai. Bayan haka ku yi magana a fili kan kwana nawa kake da su na mayarwa, a rubuta a rasit tare da lambar da ke bayan monitar.

Ka duba bayanta ko akwai ramukan ƙusa guda huɗu, masu tazarar milimita 100 ko 75, waɗanda ake kira VESA, domin su ne za su ba ka damar rataye ta a bango ko a hannun ƙarfe nan gaba. A gida kuma ka ajiye ta nesa da fuskarka kamar tsawon hannunka, saman allon ya yi daidai da idonka ko ya ɗan yi ƙasa, taga ta kasance a gefenka, domin ranar Kano idan ta bugi allo ba abin da za ka gani. Idan monitar wasa ce, ka shiga Settings a Windows, ka danna System, sai Display, sannan Advanced display, ka zaɓi 144 ko 165 da hannunka, saboda sau da yawa Windows a kan 60 take barinta, kuma na ga wanda ya yi watanni yana wasa a haka bai sani ba. A lokacin hunturu ka riƙa lulluɓe ta da ƙyalle bayan ta huce, kada ƙura ta toshe ramukan iska ta haɗu da zafin watan Afrilu. Idan za ka goge gilashin, ka kashe ta, ka fara kaɗe ƙurar a hankali, sannan ka ɗan jiƙa tattausan ƙyalle da ruwa ka shafa ba tare da dannawa ba, kada ka fesa ruwan a kan allon domin yakan gangara ya shige ta ƙasan firam.